Dutsen Mars na Agadas ya tafi, wa zai karanci waɗanda suka rage?

A ranar 16 ga watan Yulin 2025, a zauren gwanjo na kamfanin Sotheby's da ke birnin New York na Amurka, an buga guduma a kan wani dutse mai nauyin kilo kusan 25. Da aka haɗa da la'adar dillanci, mai sayen ya biya dala miliyan 5.3, wato kimanin miliyar 3 na sefa. Ba a faɗi sunan mai saye ba, ba a kuma faɗi na mai sayarwa ba. Abin da aka faɗa shi ne asalin dutsen: ɓallin duniyar Mars ne, mafi girma da aka taɓa tsinta a doron ƙasa, kuma an tsince shi a watan Nuwamban 2023 a jihar Agadas, kimanin kilomita 90 yamma da Shirfa.

Magabatan Yamai sun nuna fushinsu. Sun buɗe bincike, suna cewa yadda dutsen ya fita ya yi kama da fasa-ƙwauri, daga baya kuma shugaban ƙasa Abdurahamane Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Kamfanin gwanjon shi kuma ya ce an bi duk ƙa'idojin da suka dace. Fushin yana da dalili, sai dai kusan duk muhawarar da aka yi a fadoji da shafukan Facebook ta tsaya ne a kan kuɗi: miliyar uku ta wuce, nawa aka bai wa wanda ya tsinta, nawa ya shiga baitulmali. Asarar da ta fi wannan tsanani ba a cika ambatonta ba. Dutsen ya fito daga ƙasar Nijar, amma babu hannun masanin Nijar ko ɗaya a aikin gano ko shi wane ne.

Tafiyar da dutsen ya yi ta isa shaida. An yanki ɗan ƙarami an aika gidan tarihin taurari na Shanghai a ƙasar Sin, a can aka tantance nau'insa. Masu bincike na jami'ar Florence a Italiya sun nazarci wasu yankansa. An baje shi a hukumar sararin samaniyar Italiya da ke Roma a 2024, ya zauna a wani gidan baje koli mai zaman kansa a garin Arezzo, sannan ya haye teku. A duk tsawon wannan hanya ba a ji sunan wata jami'a ta Yamai ko Agadas ko Damagaram ba. Ko sunan da aka raɗa masa, NWA 16788, bai ambaci Nijar ba. Haruffan uku na nufin arewa maso yammacin Afirka, kuma lakabi ne da ake liƙa wa duwatsun sama na yankin Sahara da suka bi ta hannun ƴan kasuwa. Lambar da ke biye da haruffan tana nuna yawan waɗanda suka riga shi bin wannan hanya.

Me ya sa masana ke rububin irin wannan dutse? Domin har yau babu kumbon da ya je Mars ya dawo da ko tsakuwa ɗaya. Abin da ɗan Adam yake da shi a hannu daga waccan duniya shi ne ɓallayen da wani babban dutse ya buga ya watsar zuwa sararin samaniya, suka yi ta yawo shekaru miliyoyi kafin su faɗo nan. Daga cikin duwatsun sama sama da 77,000 da aka yi wa rajista a duniya, kimanin 400 ne kawai suka fito daga Mars. Kuma ƙasar Hausa ta daɗe da shiga wannan tarihi ba tare da an sanar da ita ba. A ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Bayan shekaru fiye da talatin masana suka gano ɗan iskar da ya maƙale a cikinsa, suka gwada da awon iskar Mars da kumbunan Viking na Amurka suka yi a 1976, suka tarar iri ɗaya ne. Sunan Zagami yana cikin littattafan duk ɗalibin da ke karatun duniyoyi a Turai da Amurka da Japan. A Katsina da Maraɗi kuwa, sai an tona kafin a samu malamin makaranta da ya taɓa jin labarin. Haka ma dutsen Tazerzait mai kilo 110 da ya faɗo a jihar Tawa a watan Agustan 1991.

Ba sa'a ce ta sa ake yawan tsintar su a Sahara ba. Dutsen sama yana faɗowa ko'ina, amma a inda ake ruwa da ciyawa yana yin tsatsa ya ruɓe ya ɓace. A Tenere fari yana adana shi dubban shekaru, kuma baƙin dutse a kan farin fili ba ya ɓuya. Tun da aka fara tururuwar neman zinariya a Jado a 2014, dubban idanu suna zaga wannan yanki suna duban ƙasa. Wato za a ci gaba da tsinta, da doka ko babu doka. Tambayar ita ce a hannun wa dutse na gaba zai fara sauka.

Sudan ta taɓa amsa wannan tambaya, kuma ba da kuɗi masu yawa ba. A ranar 6 ga Oktoban 2008 wata cibiyar duban taurari a jihar Arizona ta hango wani ƙaramin dutse, faɗinsa bai fi mita huɗu ba, yana nufo duniya. Washegari ya tarwatse a saman hamadar arewacin Sudan. Wannan ne karon farko da aka ga irinsa tun yana sama kafin ya iso. A watan Disamba, Muawia Shaddad, malami a jami'ar Khartum, tare da Peter Jenniskens daga Amurka, suka kwashi ɗalibai suka jera su sahu-sahu a cikin rairayi suna tafiya a ƙasa suna dubawa. A ƙarshe an tattara ɓallaye kimanin 600, aka sa musu suna Almahata Sitta, sunan tashar jirgin ƙasa ta shida da ke kusa. Da aka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2009, sunayen ƴan Sudan suna ciki, kuma masanin waje da ke son yanki daga tarin jami'ar sai ya nema daga Khartum. Jarin da aka zuba shi ne motoci, ruwan sha, ɗalibai masu ƙafa, da malami guda da ya san abin da ake nema.

A Maroko ma mutum guda ce ta ja ragamar. Shekaru da dama kasuwannin kudancin ƙasar su ne mashigar duwatsun Sahara zuwa Turai. Farfesa Hasnaa Chennaoui Aoudjehane ta jami'ar Hassan II da ke Kasabalanka ta dage a kan a riƙa rubuta inda kowane dutse ya faɗo, a kuma bar kaso a gida. Lokacin da wani dutsen Mars ya faɗo a Tissint a Yulin 2011, ita ce ta jagoranci rahoton da ya fito a mujallar Science a 2012, kuma a 2014 babban taron ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ya zauna a Kasabalanka. Senegal ta bi wata hanyar: Maram Kairé da abokan aikinsa sun karɓi baƙuncin tawagar NASA a 2018 domin duban wani dutse mai nisa da madubin hangen nesa, aka sake dawowa a 2020 da 2021, matasan ƙasar suka koyi aiki a gefen baƙin. Yau Kairé ne ke shugabantar hukumar nazarin sararin samaniyar ƙasarsa da aka kafa a 2023.

Akwai mai cewa, kuma ba wauta ya faɗa ba, ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da ƙarancin cimaka, wadda ɗalibanta ke jiran alawus wata da watanni, ina ruwanta da Mars? Amsar tana cikin kayan aikin. Wanda zai tantance dutsen sama dole ya iya yanka dutse siriri kamar fatar albasa, ya karance shi a ƙarƙashin madubi, ya auna sinadaran da ke ciki, ya kuma iya fassara hotunan tauraron ɗan Adam. Wannan shi ne ainihin aikin da ake buƙata a ma'adinan yuraniyom na Arlit, da rijiyoyin man Agadem, da wuraren haƙar zinariya, da neman ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙauyukan Damagaram. Ɗalibin da ya yi digiri na biyu a kan dutsen sama bai ɓata shekarunsa ba ko da bai taɓa samun aiki mai sunan sararin samaniya ba. Kuma ya kamata a faɗa masa gaskiya tun farko: da wuya ya samu. Guraben wannan fanni kaɗan ne ko a ƙasashe masu arziki. A 2025 fadar shugaban Amurka da kanta ta gabatar da shawarar rage kusan rabin kasafin binciken kimiyya na NASA. Duk wanda ya ce wa matashi a Tawa ya bar komai ya rungumi karatun duniyoyi domin albashi, ya cuce shi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ya kafa ƙafarsa a ilimin ƙasa da duwatsu, ko fiziks, ko kimiyyar sinadarai, a jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar EMIG ko sauran jami'o'in jihohi, sannan ya ɗora wannan a kai.

Ƙofofin da zai ƙwanƙwasa suna nan, ko da yake ba manya ba ne. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, tana da ofishi a Cape Town da ke kiran a kawo ƙananan ayyuka kowace shekara yana ba su tallafi, kuma reshensa na Afirka ta Yamma yana Nsukka a Najeriya. Makarantar PASEA ta matasa masu sha'awar ilimin taurari ta fara zama a Abuja a 2013, tana kuma zagaya ƙasashen nahiyar. Tun 2017 akwai shirin AFIPS da ke haɗa masu binciken duniyoyi na Afirka da takwarorinsu na waje. Ƙungiyar masana duwatsun sama tana taimaka wa ɗalibai da masu bincike daga ƙasashe marasa ƙarfi da kuɗin zuwa taronta, asusun iyalan Barringer kuma yana tallafa wa ɗaliban da ke nazarin ramukan da duwatsun sama suka haƙa, irin na Aorounga da Gweni-Fada da ke maƙwabciya Chadi. Cibiyar TWAS da ke Trieste a Italiya tana ba da guraben digirin dokta a ƙasashe masu tasowa. Wani abin ma ba ya buƙatar izinin kowa: hotunan da kumbon NASA ke ɗauka na saman Mars tun 2006 kyauta suke a intanet, haka ma manhajar JMARS da ake duba su da ita. Tuddan rairayi masu siffar jinjirin wata da ake gani a waɗannan hotuna ƴan'uwan na Tenere ne, kuma ɗan Bilma ya san yadda iska ke tafiyar da irinsu fiye da wanda ya karanta a littafi.

Abin da ke tare hanya sau da yawa ƙarami ne. Kusan duk waɗannan takardun neman tallafi da Ingilishi ake cika su, ɗalibin Nijar kuma da Faransanci ya yi karatu. Ana neman wasiƙar malamin da ya san fannin, malamin kuma babu. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar sauke hoto. Tun bayan da dangantaka da Faransa ta lalace a 2023, har ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza a wancan lokaci, tsohuwar hanyar Paris ta ƙuntata. Wannan ba dalilin zama ba ne, dalilin juya fuska ne zuwa Kasabalanka da Dakar da Wagadugu da Nsukka, inda tafiyar ta fi araha kuma malaman sun san irin matsalar.

Ga hukuma kuwa, dakatar da fitarwa kaɗai ihu ne bayan hari. Iyakar arewa ta fi ƙarfin a tsare ta da takarda, kuma wanda ya san za a ƙwace abin da ya tsinta, ba zai kai shi ofis ba, zai ɓoye shi a buhun dabino ya nufi Libiya ko Aljeriya. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ba ta ambaci duwatsun sama da suna ba, don haka ana buƙatar doka ta musamman, kuma ta zama wadda makiyayi da mai haƙar zinariya za su ga riba a cikinta: ya kawo dutse, a rubuta inda ya tsinta, a tantance masa kyauta, ƙasa ta ɗauki kasonta, a ba shi takardar da za ta ɗaga farashin sauran. A kuma sanar da wannan a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Tubanci.

Akwai wata ƙa'ida ta duniya da ke jiran a yi amfani da ita. Kafin a yi wa dutsen sama rajista da suna, dole a ajiye giram 20 daga jikinsa, ko kashi 20 cikin 100 idan ƙarami ne, a wata ma'ajiyar kimiyya da aka amince da ita. Babu abin da ya hana wannan ma'ajiya ta kasance a Yamai ko Agadas, in har akwai ɗaki mai tsaro, da rajista, da ma'aikacin dindindin da zai riƙa bai wa masu bincike aro. A Satumban 2024 ƙasashen AES uku sun ƙulla yarjejeniya da Rasha a kan taurarin ɗan Adam na sadarwa da sa ido. Ɗaki guda, da injin yankan dutse, da madubi, da kuɗin karatun ɗalibai uku ko huɗu a Maroko na shekaru uku, ba su kai ko ƙurar kuɗin wancan aiki ba, kuma ana iya saka su a kasafin ma'aikatar ma'adinai ko ta ilimi mai zurfi na shekara mai zuwa.