An fasa auren ƙawata saboda kawunta

1/ Satin da ya wuce aka fasa auren ƙawata. Dangin ango sun je bincike, aka ce musu kawunta na da taɓin hankali. Shi ke nan fa, aka zo aka kwashe lefe.

2/ Sikizofireniya ke damunsa, ciwon da kan sa mutum jin muryoyin da babu su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ke fama da shi.

3/ Eh, akwai gado a ciki, ba na musu. Amma ko tagwaye masu kama ɗaya, in guda ya kamu, yiwuwar ɗayan ya kamu ba ta wuce rabi ba. Wanda mahaifinsa ke da shi, kusan 1 cikin 10 ne. Tara lafiya lau. Balle kawu!

4/ Abin takaicin, angon nan kowa ya san yana busa wiwi tun sakandare. Bincike ya nuna shan wiwi kullum tun ƙuruciya, musamman mai ƙarfi, na ƙara haɗarin ciwon. Shi wa ya bincike shi?

5/ Irin wannan ke sa a kulle mara lafiya a ɗaki maimakon a kai shi asibitin Dawanau ko Barnawa, don kar auren 'yan matan gidan ya lalace. Jinkirin magani kuwa ƙara dagula ciwon yake.

6/ Kawun yana shan maganinsa, yana ɗinkinsa a kasuwa. Jiya ya kira ta ya ce, "'Yata, saboda ni ne ko?" Kuka kawai ta saka.