Motar Taukil Da Ranar Da Mai Ita Zai Bayyana

Tun bayan da sojojin gwamnati suka ƙwato garin Sinja a watan Nuwamban 2024, sannan Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025, daga bisani kuma Khartum a watan Maris na wannan shekarar, babbar hanyar da ta haɗa Damazin da sauran sassan ƙasa ta sake buɗewa, kaya suka ci gaba da shigowa, jama'a kuma suka fara komawa gidajensu. Sai dai akwai wasu matafiya da suka biyo wannan hanya waɗanda ba kowa ya lura da su ba, wato mutanen da aka sace wa motoci a farkon yaƙi. Su ma sun fito neman kayansu, kuma ba hannu rabbana suke tafe ba, suna riƙe da takardu. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ga ya dace mu yi magana da 'yan uwanmu na Rusairis da Ganis da ƙauyukan Wad al-Mahi a kan yadda muke sayen mota ta hannu.

Kowa ya san abin da ya faru da motoci tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023. A Khartum da Umdurman da Bahri, sannan a Jazira bayan faɗuwar Wad Madani hannun dakarun Da'amu Sari a Disamban 2023, mota ce abu na farko da ake ƙwacewa, ko a ƙofar gida, ko a shingen hanya, ko a wuraren masu sayar da motoci. Har kalmar "shafshafa" ta shiga bakin yara, aka kuma buɗe kasuwannin kayan wawaso da jama'a suka raɗa wa suna kasuwannin Dagalo. Wasu motocin sun tsallaka iyaka zuwa Chadi da Sudan ta Kudu, wasu an farke su an sayar da kayan, amma da yawa suna nan cikin ƙasa suna yawo daga hannu zuwa hannu, an canza musu fenti, an cire lamba an liƙa wata. Duk da cewa Damazin da Rusairis ba su faɗa hannun waɗannan dakaru ba a lokacin da aka yanke mana hanyar Sinja a 2024, mota ba ta san iyakar jiha ba. Duk inda ake da mai saye, can take nufa.

Masu saye kuwa muna da su. Kafin yaƙi ana canza dala ɗaya a kan kimanin fam 600, a 2025 kuwa ta haura 2,500 a kasuwar bayan fage. Saboda haka manomin da ya sayar da riɗinsa ko dawarsa, da masuncin da ya samu kasuwa a tafkin madatsar ruwa, duk sun gane cewa ajiye kuɗi a ɗaka asara ce. Gara a zuba su a boksi Hilux da za ta riƙa kai kaya kasuwa, ko Amjad ta haya, ko raksha a bai wa yaro. Lissafin daidai ne, babu mai ja. Matsalar tana wajen takarda.

Ga yadda cinikin yake gudana a mafi yawan lokuta. Dillali zai kai ka wajen mai ma'arad, wato mai shagon motoci, ko kuma a haɗu a inuwar wata bishiya. A buɗe inji, a kira makanike ya saurari ƙara, a zagaya gari sau ɗaya, a yi ciniki, a sa albarka. Daga nan sai a wuce ofishin lauya mai hatimi, ya rubuta mubaya'a, wato takardar ciniki, ya haɗa da taukil, takardar da mai sayarwa ke wakilta mai saye ya yi abin da ya ga dama da motar. Shaidu biyu su sa hannu, a buga hatimi, a miƙa makulli. Mai saye ya koma gida yana ganin ya gama. Alhali tsugune ba ta ƙare ba, domin a rajistar 'yan sandan murur, sunan da ke kan shahadatul bahas, takardar da hukuma ta sani a matsayin shaidar mallakar mota, bai motsa daga inda yake ba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci wannan bambanci da kyau, domin a nan ne dukiyar mutane ke salwanta. Hatimin lauya yana tabbatar da cewa wane da wane sun zo gabansa sun sa hannu. Ba ya tabbatar da cewa wanda ya sayar shi ne mai motar na gaskiya. Idan shahadar da aka nuna masa ta jabu ce, ko katin shaidar na wani ne, hatimin ba zai wanke ta ba. Hasali ma a yau za ka tarar da motar da ta bi hannu huɗu ko biyar, kowane da taukil ɗinsa a kan na wancan, takardu sun cika jaka, amma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin wanda sunansa ke kan shahada. Ƙarfin irin wannan sarƙa bai wuce ƙarfin takardar farko ba. Idan ita ta lalace, duk na bayanta tawada ce kawai a kan takarda.

Ko da a ce motar halal ce tun asali, taukil yana da nasa ciwon, kuma yaƙin nan ya ƙara masa tsanani. A ƙa'ida wakilci yana faɗuwa idan wanda ya wakilta ya rasu, in kuwa lauya ya ce akwai mafita, to mafitar ta gaban alƙali ce. Mutum nawa suka rasu a cikin waɗannan shekaru? Nawa suka yi hijira zuwa Masar ko Saudiyya ko Yuganda, lambar wayarsu ta daina shiga? Ranar da ka tashi mayar da motar sunanka, sai a ce ka kawo mai ita. In ya rasu, sai ka nemo i'ilami na shari'a wanda ya lissafa magada, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wani yana Alƙahira, wani yana Bur Sudan, wata kuma ta ce ita ba ta san an sayar da motar mahaifinta ba. Shi ma mai sayarwa da ya bar sunansa a kan motar da ta fita hannunsa bai tsira ba, domin idan ta kaɗe mutum a hanyar Sinja ko aka kama ta da kayan laifi, sunansa za a fara gani a rajista, ƙofarsa za a fara bugawa.

Wannan ba shi ne karon farko da ƙasar nan ta shiga irin wannan hali ba. Idan ba a manta ba, shekarun baya an cika Darfur da Kurdufan da motocin da aka shigo da su ta Libiya da Chadi ba tare da biyan jamarik ba, waɗanda aka laƙaba wa suna motocin Boko, sunan da mu Hausawa ba mu taɓa jin daɗinsa ba, don mun san inda ake karkata shi. A watan Agustan 2017 gwamnatin wancan lokaci ta ƙaddamar da gangamin tattara makamai da motoci marasa rajista a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Hasabu Muhammad Abdurrahman, aka kuma buɗe ƙofar biyan kuɗin kwastan domin daidaita wasunsu. Wasu daga cikinmu suna ɗauka cewa haka za a sake yi, wato a saya da araha yanzu, gobe gwamnati ta yi afuwa a biya wani abu a samu takarda. Wannan kuskuren lissafi ne babba. Motar Boko gwamnati ce ke bin ta bashi, gwamnati kuwa tana iya yafe haƙƙinta ko ta rage. Motar shafshafa tana da mai ita, yana da suna, yana da 'ya'ya, kuma babu wani minista da ke da ikon yafe dukiyarsa a madadinsa.

A Disamban 2024 hukuma ta canza takardun fam 500 da 1,000, ɗaya daga cikin dalilan da ta bayar shi ne a kashe kuɗin da aka wawashe daga bankuna. Kuɗi ana iya kashe su da sabon bugu, mota kuwa sai ta hanyar lambar shasi, kuma hanyar da 'yan sanda suka bi ke nan. Tun cikin 2023 suka buɗe shafin kai ƙara ta intanet inda masu motocin da suka ɓata ke shigar da bayanansu, bayan ƙwato Khartum kuma aka shiga tattara motocin da aka yasar a tituna ana ƙididdige su. Ma'ana, rumbun bayanan yana ƙara cika ne kullum, motar da ta wuce shinge lafiya bara tana iya tsayawa bana.

Idan ta tsaya, me zai biyo baya? Dokar laifuka ta 1991, a sashe na 181, ta yi tanadin hukunci ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zargi. Mutum zai rantse cewa bai sani ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma tambayar farko da za a yi masa ita ce nawa ya saya. Wanda ya sayi boksi a rabin kuɗinta zai sha wuya kafin ya gamsar da mai bincike cewa zuciyarsa ba ta raya masa komai ba. In ma ya kuɓuta daga tuhuma, motar dai ta tafi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da wannan a babin istihƙaƙi na littattafan Malikiyya: mai kaya yana karɓar kayansa a duk hannun da ya same su, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. To ina wanda ya sayar? Dillali ya karɓi la'adarsa tun ranar, ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu fiye da maƙwabtanmu, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Sama da shekara ɗari ke nan da kakanninmu suka zauna a gaɓar wannan kogi, tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar Mai Wurno, amma har gobe Bahaushe ne ake fara tambaya takarda a shinge. A rikicin Yulin 2022 a Rusairis da Ganis, da na Oktoba a Wad al-Mahi, an rasa ɗaruruwan rayuka, dubun dubatan mutane suka bar gidajensu, takardun wasu da dama suka ƙone tare da ɗakunansu. Wanda ba shi da raƙam waɗani a hannu ba zai iya mayar da mota sunansa ba, shi ya sa wasu ke rubuta sunan ƙane ko suruki ko aboki. Ana yi ne da amana, mun sani. Amma idan mai sunan ya rasu, motar ta shiga cikin gadonsa a idon hukuma, zumunci kuma ya shiga uku. Bayan wannan, a irin yanayin da ake ciki na zargin juna da haɗa baki da wannan ɓangare ko wancan, saurayinmu da aka kama da motar da aka ƙwace a Madani ba tambayar mota kaɗai za a yi masa ba, kuma abin da za a faɗa a gari ba a kansa shi kaɗai zai tsaya ba.

Abin da ya kamata a yi ba boyayye ba ne, tsallaka kogi ne zuwa Damazin tare da mai sayarwa da motar, kafin kuɗi su fita. A can za a duba lambar shasi da ta inji a jikin ƙarfe, a gwada da abin da ke cikin shahadatul bahas da na cikin kwamfuta, masu binciken satar motoci su tabbatar babu ƙara a kanta kuma ba a goge lamba an buga wata ba. Idan motar ba a taɓa yi mata rajista ba, sai an ga takardar jamarik ta shigo da ita. Sannan a biya kuɗin canjin suna, a yi inshora, sabuwar shahada ta fito da sunan mai saye. Kuɗin ciniki kuma a tura ta Bankak ko wani banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, ba na yaron shago ba, domin wannan saƙon shaida ne da wuta ba ta ci. In cinikin na biya bayan kaka ne, a rubuta sauran bashin da ranar biyansa, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni.

Masu ma'arad na gaskiya, kuma akwai su, ba sa gudun wannan tafiya, don ita ce ke raba su da 'yan damfara. Wanda ke cewa kwamfuta ba ta aiki, ko mai motar ya yi tafiya, ko a yi sauri wani na zuwa da kuɗi, cinikin biri a sama yake son yi da kai. Shawararmu ga duk mai saye ita ce ya riƙe wani kaso mai tsoka na kuɗin har ranar da sunansa ya hau shahada, a kuma rubuta wannan sharaɗi a cikin mubaya'ar.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Mutane suna gudun murur ne saboda kuɗaɗen da ake tarawa a kan canjin suna, da kwanakin da ake ɓatawa a layi a tsakiyar aikin gona, da tsoron kada mutum ya kai motarsa da ƙafarsa a riƙe ta shi ma a riƙe shi. Muddin wannan tsoro yana nan, motocin da ake nema za su ci gaba da ɓuya a ƙauyuka, masu su na asali ba su samu ba, gwamnati ba ta samu kuɗin shiga ba. Muna kira ga gwamnatin yankin Bulu Nayil da shugabannin 'yan sanda da su ware wani wa'adi da duk mai motar taukil zai kawo ta a duba, tare da tabbacin cewa wanda ya zo da kansa ya kuma nuna wanda ya sayar masa za a ɗauke shi a matsayin shaida, ba wanda ake tuhuma ba. Haka kuma a samar da hanyar da mai saye zai aika lambar shasi ta waya ya samu amsa kafin ya biya, sannan a tura ayarin murur da na rajistar 'yan ƙasa tare, su zagaya Rusairis da garuruwan da aka gina wa mutanen da ƙarin tsawon madatsar ruwa ya tasa a 2013. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne daga yankan riɗi zuwa ƙarshen girbin dawa, domin a waɗannan watanni ne kuɗi ke shiga hannun manoma, a cikinsu ne kuma dillalai ke shigowa da motoci.