TUKUNYAR SUYA DA ISKA: SHIN TA DACE DA GIDAJENMU?

Akwai wata tukunyar lantarki da ta fara shigowa gidajen ma'aikata a nan Dutsin-Ma, har wasu iyaye sun fara sa ta cikin kayan ɗakin amare. Turawa suna kiranta eya firaya, wato mai suya da iska. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fara fito da ita kasuwa a shekarar 2010, a wani bajekoli da aka yi a birnin Balin na Jamus. Masu tallarta suna cewa za ta raba mu da sayen mai. Na samu damar gwada ta tsawon hutun da ya wuce a gidanmu da ke Kurfi, da yake yayata ta zo da tata, don haka nake so in faɗi ra'ayina kafin wani uba ya ci bashi saboda ita.

Da farko dai, sunan nan akwai ruɗi a cikinsa. Abin da take yi gashi ne, ba suya ba. A samanta akwai waya mai ɗaukar zafi irin ta risho na lantarki, a bayan wayar kuma akwai fanka wadda ke hura iskar nan mai zafi ta zagaye abinci ta ko'ina. Zafin yakan kai digiri 200. Abincin yana zaune cikin wani kwando mai huji-huji, don iska ta ratsa ta ƙasa. Wanda ya gane wannan zai iya sanin abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba tun bai kunna ta ba.

Gaskiya sai a faɗa, ta burge ni wajen kifi. Mun sayo karfasa irin ta madatsar ruwan Zobe, na shafa mata mai cokali ɗaya da gishiri da yaji, cikin minti ashirin ta fito bayanta ƙayau, cikinta kuwa da laushi. In da a kasko ne, sai an tsiyaya kusan rabin kwalba. Kaza ma ta yi kyau, har kitsen jikinta ya tsiyaye ya taru a ƙasa. Dankalin Hausa da awara sun yi daidai gwargwado, ko da yake awarar ta ɗan bushe. Tsire kuwa ya nuna sarai, amma Baba da ya ɗanɗana sai ya ce nama ne dai, amma bai ji ƙanshin garwashi ba.

To, sai muka zo kan ƙosai, a nan ne gizo ke saƙa. Ƙullun ƙosai ruwa-ruwa ne, kuma abin da ke riƙe shi shi ne tafasasshen mai da ke kama bayansa nan take, ya kumbura ya taso. Iska ba ta iya wannan. Ƙullun bin hujin kwando yake yi, in kuwa an zuba shi a ɗan gwangwani sai ya fito kamar alala. Haka ƙullun yake, ba laifin mai dafawa ba ne. Waina tana bukatar tandarta, fanke yana bukatar mai, ƙuli-ƙuli kuma da man jikinsa ake soya shi. Ku duba fa, waɗannan su ne abin da muke karyawa da su kusan kullum. Tuwo da miya kuwa ba a ma maganarsu. Wato tukunyar ta fi gwaninta a kan abincin da talaka ba ya samu sai ran salla ko ran suna.

Sai maganar wuta. Mutane da yawa suna zaton kuɗin lantarki ne matsalar, amma na yi lissafi na ga ba haka ba ne. Irin wadda na gwada tana jan wat 1,500. In ta yi minti ashirin tana aiki, ta ci rabin yunit ke nan. Ko da farashin nan mai tsada na naira 225 kowane yunit, wanda aka ɗora wa 'yan rukunin farko a watan Afrilu na 2024, abin bai wuce naira 113 ba, kuɗin da ba zai sayi man da za a soya kifi huɗu ba. Matsalar ita ce samun wutar a lokacin da ake bukatarta. Uwa ba za ta ce wa yara su jira abincin dare sai an kawo wuta ba. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ƙaramin janareta irin na shaguna bai kai wat dubu ba, ba zai ɗauke ta ba. Babba kuwa fetur yake sha, kowa kuma ya san inda farashin fetur ya nufa tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Hasken rana da yawancin gidaje suka sa na ƙwan fitila ne da fanka da cajin waya.

Bugu da ƙari, an ƙera ta ne don gidan mutum uku ko huɗu. Kwandon kifi huɗu yake ci, in an cusa fiye da haka iska ba ta ratsawa. Mu goma sha biyar ne a gida, sai da na yi zubi huɗu, kafin na ƙarshe ya fito na farko ya huce.

Duk da haka ba na cikin masu yi mata dariya. Ta tona mana wani asiri: muna shan mai fiye da kima, kuma mukan maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi, abin da malaman lafiya suka daɗe suna hani a kansa. Na kuma lura duk ranar da muka yi aiki da ita Inna ba ta yi hawayen hayaƙi ba.

A ganina, malamin jami'a ko na Kwalejin Isa Kaita mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, wanda unguwarsu ke samun wuta, in ya saya bai yi asara ba, musamman idan likita ya hana shi maiƙo. Amma ina roƙon iyayenmu kada su bari ta shiga jerin kayan da dole sai an kai amarya da su. Uban da ke da wannan kuɗi a hannu, gara ya saya wa 'yarsa tukunyar gas ko murhu mai tsimin itace, don su za su dafa mata tuwo su soya mata ƙosai ko da wuta ko babu.