Na'urar Auna Iskar Tsoka: A Gwada Ta A Fatarmu Kafin A Saya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu horar da 'yan wasa da hukumomin wasanni kan wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa ɗan wasa a cinya, tana nuna yawan iskar oksijin da ke cikin tsokarsa yayin atisaye.

Duk kocin da ya san aikinsa yana fama da tambaya guda: yaron nan ya kai inda ake so, ko ya wuce gona da iri? An daɗe ana dogaro da bugun zuciya, amma zuciya tana da nawa. Ɗan wasa zai ƙara gudu, sai bayan minti ɗaya ko biyu bugun ya cim ma aikin. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da gumi ke ƙarar da ruwan jiki, bugun ya yi ta hawa alhali gudun bai ƙaru ba. Ɗaya hanyar ita ce auna sinadarin laktet a jini, wadda sai an tsayar da mutum an huda masa yatsa ko kunne.

Ita wannan na'ura da haske take aiki. Wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan tocila ya ga ya yi ja, ya ga tushen abin. Tana aika wani haske da ido ba ya gani ya ratsa fata da kitse ya shiga tsoka. Jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya riga ya sauke shi, kowanne da yadda yake shanye hasken, daga abin da ya dawo sai ta fitar da lissafi cikin ɗari. Wani masani a Jami'ar Duke ta Amurka, Frans Jöbsis, shi ya bayyana wannan dabara a 1977. Yau kamfanoni sun ƙanƙantar da ita, irin su Moxy ta Amurka, har tana aika sakamako zuwa agogon hannu ko waya.

Amfaninta a fili yake. Idan ɗan tsere ya kama gudu lambar ta sauka ta tsaya wuri guda, iskar da jini ke kawowa tana isar tsokar, zai iya jurewa. Idan kuwa ta yi ta zurarewa ƙasa, tsokar na cin fiye da abin da ake kawo mata, gajiya na tafe. In ya tsaya hutawa, yadda lambar ke komawa sama shi ke gaya wa koci lokacin sake tashi, maimakon a yanka wa kowa minti biyu, mai ƙarfi da mara ƙarfi. 'Yan ƙasar Norwe sun yi suna a wannan fage. Kristian Blummenfelt, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 a wasan da ya haɗa iyo da tseren keke da gudu, yana cikin waɗanda suka yi amfani da ita a ƙarƙashin koci Olav Aleksander Bu. Sai dai sun haɗa ta da gwajin jini da na numfashi, kuma babban abin da suke nema shi ne kada ɗan wasa ya zarce ƙarfin da aka tsara masa a ranar.

Malam Edita, ga inda damuwata take. Na'urar tsoka guda take gani, a wuri ƙarami, zurfin da bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. In kitsen cinya ya yi kauri, kaso mai yawa na abin da take karantawa kitse ne. In an gusa da ita kaɗan, lambar ta canja. Babbar magana kuma ita ce launin fata. Sinadarin da ke sa fatarmu baƙi yana shanye haske, don haka abin da ke komowa ga na'urar yakan ragu. A 2020 masana a Jami'ar Michigan sun gano cewa na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti tana kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Ta yatsa daban, ta tsoka daban, amma dukkansu sai haske ya ratsa fata suke aiki. Wannan kaɗai ya isa a yi hattara.

Kowace na'urar tsoka guda ɗaruruwan daloli ce. Zai zama asara a zuba kuɗin jama'a a sayo su da yawa, a raba wa kocin da ba a koya masa karanta su ba, ko a riƙa auna yaranmu da lambobin da aka samo daga jikin Turawa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shawarata ita ce sassan koyar da motsa jiki na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos, tare da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, su samo 'yan kaɗan. Su gwada su a jikin 'yan gudun dogon zango na Fankshin da 'yan ƙwallonmu da 'yan dambe, maza da mata, su kwatanta da gwajin jini, sannan su bayyana wa jama'a abin da suka gani. Kafin nan, koci yana da ma'aunin da ba a saye: ɗan wasan da ke gudu yana iya magana cikakkiya yana cikin sauƙi, wanda kuwa kalma ɗaya ke fita da ƙyar ya shiga mai tsanani, kuma ba kullum ake kai yaro can ba.

Ina kira ga hukumomin wasanni na jihohi da su fara kashe kuɗi kan ilimin masu horarwa, su tallafa wa jami'o'i su yi wannan gwaji, sannan a yi maganar saye. Allah Ya ba 'yan wasanmu lafiya da nasara.

Naka,
Wani malamin motsa jiki,
daga Jos.