Hoton Ƙashi Ba Ya Wanke Iyayenmu Mata

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma babu inda muka riƙe wannan karin magana da hannu bibbiyu kamar a asibiti. Da zarar an ɗauki maras lafiya hoto, likita ya ɗaga shi ya duba ya ce babu komai, shi ke nan magana ta ƙare. A tawa fahimtar, wannan yarda da muka bai wa hoto tana cutar da iyayenmu mata waɗanda suka daina jinin al'ada, kuma a kan haka nake son mai karatu ya ba ni aron hankalinsa.

Ina da gwaggo a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Yankwashi, ta haura shekara sittin, ta haifi tara. Ta daɗe tana kukan ciwon baya, har muka lura ta fara ranƙwafawa. Na kai ta wani asibiti aka ɗauki hoton ƙugunta, aka ce ƙashi lafiya lau, sanyi ne da tsufa. A hanyarmu ta komawa gida ta ce mini, "Ɗan nan, ka huta da wahala, ai hoto ya wanke ni." Ba a rufa shekara ba santsi ya ɗebe ta a wurin alwala, faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ƙashin kwankwasonta ya karye. Maɗori aka fara kira, kamar yadda aka saba. Har yau ba ta taka ƙasa sai da sanda.

Abin da ya same ta shi ne zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke kare ƙashinta yakan ragu, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa daga ciki tamkar itacen da gara ta ci, a waje ga shi cikakke, alhali ciki duk ramuka ne. Gidauniyar yaƙi da wannan cuta ta duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya. A ƙasashen da suka ci gaba ma, kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a kwankwaso ba sa cika shekara a raye.

To, ina laifin hoto? Hoton ƙashi da muka saba da shi, irin wanda ake ɗauka a manyan asibitocin Kazaure da Ɓaɓura, an yi shi ne don gano karaya. Ba ya nuna zaizaya sai ƙashi ya yi asarar kimanin kashi 30 cikin 100 na ma'adinansa. Wato mace na iya yin nisa a cikin cutar, hoton kuma ya fito fes.

Na'urar da aka amince da ita wajen auna ƙarfin ƙashi ita ce DXA, wadda ta fito a 1987, tana auna ƙashin baya da na kwankwaso cikin 'yan mintoci. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa wadda makinta ya faɗi zuwa -2.5 ko ƙasa da haka tana da cutar. Na san 'yan bokonmu, da jin haka sai su ce a ba da kwangilar sayo na'urar. Ba na ƙin a saya, domin ƙalilan ne a Nijeriya, su ma a manyan birane. Sai dai ita ma ba ma'asumiya ba ce. Amosanin gaɓɓai a ƙashin baya, wanda ya yi yawa a tsakanin matan da suka ƙare rayuwarsu a daka da ɗaukar ruwa da itace, yakan sa ta nuna ƙashi ya fi ainihin ƙarfinsa. Bugu da ƙari, fiye da rabin matan da ke karyewa makinsu bai kai wancan mizani ba. Shi kansa mizanin, da ƙashin 'yan matan Turawan Amurka masu shekara 20 zuwa 29 aka gina shi. A 1996 wani bincike a ƙauyukan Gambiya ya tarar tsofaffin mata da yawa makinsu ya yi ƙasa, amma karaya ba ta yawaita a cikinsu ba. Wannan ya isa ya nuna cewa lambar na'ura kaɗai ba ta yanke hukunci a kan ƙashin mace baƙar fata.

Saboda haka ne ma Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fito da ma'aunin FRAX a 2008, wanda ke ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara goma ta hanyar tambayoyi, ko da babu sakamakon na'ura. Tambayoyin ba su fi ƙarfin ma'aikacin ƙaramin asibiti a Roni ko Gwiwa ba. Shekarunta nawa, kuma nawa ne nauyinta? Ta taɓa karyewa a ƙaramar faɗuwa? Mahaifiyarta ko mahaifinta sun karye a kwankwaso? Ta daɗe tana shan magunguna irin su deksametazon, waɗanda wasu mata ke saye a kemis don ƙiba ko ciwon gaɓɓai, alhali suna cinye ƙashi? A haɗa da awon tsawo, domin raguwar santimita 4 alama ce ta cewa wani ƙashin baya ya lotse. A nan ne hoton da muka saba da shi ke da amfani, idan an ɗauki ƙashin bayan ta gefe kuma aka nemi lotsewar da gangan. Da an yi wa gwaggona haka, da wataƙila an kama cutar da wuri, domin akwai magani irin su alendironet da ake sha sau ɗaya a mako, wanda ke rage haɗarin karaya.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa shi ne ta umarci asibitocinta su ɗauki duk karayar da ta biyo bayan ƙaramar faɗuwa ga mace mai shekara 50 zuwa sama a matsayin zaizayar ƙashi, a ba ta magani ko a tura ta gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, maimakon a ɗaure a sallame ta. A jawo maɗora a jiki, tunda su ne ke fara ganin waɗannan mata. Mu kuma 'ya'ya, mu wadata iyayenmu da nono da miyar kuka da zogale da ƙananan kifi, mu bar su su motsa jiki su sha hantsi, mu gyara santsin makewayi. Idan kuma likita ya ce hoto bai nuna komai ba, mu roƙe shi cikin ladabi ya zauna ya saurari tarihin tsohuwar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.