Ɗakin Girki: Kada Ki Zubar Da Ruwan Tsimin Kokwamba

 

A watan da ya wuce wata 'yar'uwa ta tare ni bayan an tashi daga makaranta, ta ce, "Malama, ke kullum sai ki ce mu riƙa ba yara ganye, to ni yarana ba sa cin salak sai da kirim, kirim ɗin kuwa yanzu sai wane da wane." Na yi dariya, domin ni ma haka abin yake a gidana. Ƙaramar kwalba ɗaya ba ta kai mana Juma'a biyu, balle idan an yi baƙi. Shi ya sa yau na ce bari in kawo miki wani haɗi da na daɗe ina yi, wanda ake yi da ruwan tsimin kokwamba. Kada ki ji na ce tsimi hankalinki ya tafi wani waje, wannan na ɗakin girki ne, kowa da kowa na iya ci har da yara.

Wadda ta taɓa zuwa aikin Hajji ko Umra ta san shi. Shi ne kokwamban nan mai tsami da gishiri-gishiri da ake sakawa a cikin shawarma, ko a ba ki a gefen kaza. Larabawa na kiransa mukhallal, wato abin da aka jiƙa a khal. Ni kuwa a nan Kakuri na koya, a wajen wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin kuku a gidan wasu Kwarori a zamanin da masaƙun Kakuri ke kan ganiyarsu, tun kafin a rufe KTL a 2002. Wata rana ta shigo ta same ni na cinye kokwamban da ta ba ni, ina shirin tuttular da ruwan a makwarara. Ta riƙe baki ta ce, "Haba 'yar nan, ai kin ci ɓawo za ki zubar da ƙwaya." A tsaye ta sa na ɗauko mai, ta haɗa mini a cikin kwalbar, ta girgiza. Tun daga ranar ban sake zubarwa ba.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da khal, saboda sun ji an ce asalinsa abu ne da ya tsima. Ki kwantar da hankalinki. Ya zo a Sahihu Muslim, daga Jabir (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya nemi mahaɗin abinci a wajen iyalinsa, ba a samu komai ba sai khal, ya ci da shi kuma ya yaba masa. Abin da ya rage gare ki shi ne ki duba kwalbar da za ki saya, ki ga tana da lambar NAFDAC, kuma an rubuta ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin ɗari. Farin khal ya fi araha kuma ya wadatar. Na tuffa ya fi ƙamshi, sai dai yana sauya launin kokwamban.

To bari mu fara da tsimin kansa, tunda ba a samun ruwa sai an yi shi. Ki samu kokwamba 2 masu ƙarfi, waɗanda ba su fara laushi ko rawaya ba, da albasa 1, da tafarnuwa ƙwara 3, da attarugu 1, da 'yan ƙwayoyin masoro. In kina so ki ƙara karas. Gurjinmu na gida ma yana yi, har ya fi garas-garas. Ni a Kasuwar Monday nake saye, kuma na fi yi a lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da kayan lambu suka yi yawa. Ki wanke su tas, ki yanka kokwamban da ɗan kauri, kada ki yi shi fale-fale, zai narke. Ki zuba a kwalbar gilas mai murfi. Tsohuwar kwalbar Bama ita ce daidai, amma ki wanke ta da sabulu, ki ɗauraye da ruwan zafi.

Sai ki auna khal kofi 1, ruwa kofi 1, gishiri babban cokali 1, suga babban cokali 1, ki ɗora a wuta ya tafasa sau ɗaya, ki sauke. A nan akwai abin lura. Kada ki yi a tukunyar dalma ko silba, domin tsami yana cin ta, ruwan ya yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Ki yi a ta sitenles. Idan ya ɗan huce sai ki juye a kan kokwamban har ya rufe shi baki ɗaya, domin duk yankin da ya leƙo sama shi ne zai fara lalacewa. Kada kuma ki ce za ki yi tattalin khal ki ninka ruwa. Daidai-wa-daida ɗin nan shi ke hana ƙwayoyin cuta rayuwa a ciki, in kin tsinka shi kin ɓata aikin. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ya yi.

A firiji mai samun wuta yana kai mako 2 zuwa 3. Amma mu da muka san halin wutarmu, gara mu yi kaɗan, a ajiye a gefen randa, a cinye cikin kwana 3 ko 4. Kada yara su tsoma hannu, da cokali mai tsabta ake ɗiba. In kin ga ya yi yauƙi, ko furfura ta fito a sama, ko warinsa ya sauya, ki zubar da shi duka har ruwan, kada ki ji asara.

Yanzu an cinye kokwamba, ga ruwa ya rage. Wannan ruwan ya riga ya sha ƙamshin tafarnuwa da albasa da masoro, ga gishirinsa ga tsaminsa, wato rabin aikin an gama miki. Ki tace shi. Ki zuba babban cokali 4 a ƙaramar kwalba, ki ƙara mai babban cokali 6, zuma ƙaramin cokali 1, da ɗan dakakken masoro. Turawan Faransa suna sa mai kashi 3 a kan khal kashi 1, to nasu tsagwaron khal ne, namu kuwa an riga an surka shi da ruwa, shi ya sa muke rage mai. Man zaitun ya fi, amma man gyaɗa ma lafiya lau, muddin kin soya shi da albasa kin bar shi ya huce sarai don gafin ya fita. Gishiri kuwa kada ki ƙara ko ƙwara ɗaya sai kin ɗanɗana, magi ma haka.

Ki rufe kwalbar ki girgiza da ƙarfi. Za ki ga ya haɗe ya yi fari-fari, bayan 'yan mintoci kuma mai ya taso sama ya koma gidan jiya. Ba ki yi kuskure ba, mai da ruwa ne, ba sa zama tare sai da mai shiga tsakani. A cikin Bama da kirim ɗin kanti, ƙwanduwar ƙwai ce ke wannan aikin. Ke ma ki dafa ƙwai 1 ya dahu sosai, ki cire ƙwanduwar ki murje ta da bayan cokali, ki zuba a ciki ki sake girgizawa, za ki ga ya yi kauri ya kama ganye. Na ce dafaffe da gangan. Akwai masu koyar da haɗa Bama a gida da ɗanyen ƙwai, ni dai ba na yi kuma ba na ba kowa shawara, musamman gidan da ke da mai juna biyu ko ƙananan yara, saboda ƙwayar cutar salmonela da ke iya zama a ɗanyen ƙwai. Wanda kika sa wa ƙwai a ranar za a cinye shi. Wanda ba ƙwai yana kwana 3 zuwa 4 a firiji. Zuma kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara ba, in shi ma zai lasa ki sa suga.

Amma in kin tambaye ni, wanda ya fi duka shi ne na ƙuli. Kirim ɗin salak baƙo ne, kamfanin Heinz ya fara fitar da shi a Ingila a 1914, mu kuwa tun kaka da kakanni muna da kwaɗo, kuma kwaɗo ba komai ba ne illa ganye da mahaɗinsa. Ki samu garin ƙuli mai laushi babban cokali 5, ki dama shi da ruwan tsimin babban cokali 4, ki ƙara mai cokali 2, ki ɗan sassauta da tafasasshen ruwan da ya huce har ya yi kamar kunu mai kauri. Ƙulin da kansa yake riƙe man, ba ya rabuwa. Ki zuba a kan dafaffen zogale da tumatir da albasa, ko a kan kabeji da karas. Ranar da na fara yi maigidan cewa ya yi wane lemon tsami na samu haka. In rama ce ki rage ruwan tsimin, don ita ma da nata tsamin. Ki kuma kula da ƙulin da kike saye, in yana warin tsufa ko ɗaci ki bar shi, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana da guba mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Ƙulin da aka riga aka daka da yaji da magi, shi ma ki lissafa gishirinsa.

Ga yaran da suka nace sai fari irin na kanti, ki samu yogot marar suga rabin kofi, ko kindirmon da kika amince da tsabtarsa, ki sa ruwan tsimin cokali 2, ki yanka kokwamban tsimin ƙanana a ciki, da ɗan na'a-na'a. Da wannan na yaudari autata.

Duk daɗin mahaɗi, in ganyen ba shi da tsabta an yi aikin banza. Da rani in kin tsallaka gada za ki hango lambuna shar a bakin kogin Kaduna, latas da kabeji da alayyafo. Bayin Allah ne ke neman halalinsu, kuma da su muke ci. Sai dai ruwan da ake ban-ruwa da shi, a cikinsa magudanan unguwanni da na masana'antu suke ƙarewa, sannan a kasuwa a yi ta yayyafa wa ganyen ruwan da ba ki san daga ina aka ɗebo ba. Don haka latas ganye-ganye ake ɓare shi, a wanke kowanne da ruwa mai tsabta, a jiƙa kamar minti 10 a ruwan da aka sa khal ko gishiri, a sake ɗaurayewa, a bar shi a kwando ya tsane. Zan faɗa miki gaskiya, wannan wankin yana rage ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ya kashe su duka. A 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma mafi yawansu a Arewa. Duk lokacin da kika ji amai da gudawa sun ɓulla a gari, ki jingine ɗanyen latas, ki koma kan dafaffen zogale da kabejin da aka turara da abin da ake ferewa.

Sai maganar lokacin zubawa, wadda na koya da kuɗina. Wata shekara muna walimar saukar karatu, cikin zafin Afrilu, aka ɗora mini salak. Don in huta, tun da hantsi na yanka komai, na sa ƙwai da dankali da waken gwangwani, na kwaɓe da kirim na rufe a babbar roba. Ba a zo rabon abinci ba sai bayan La'asar. Da na buɗe, latas ya yi laƙwas, ruwa ya kwanta a ƙasa, ga wani ɗan bashi-bashi. Wasu suka ce a raba haka nan, ai ba komai. Na tsaya ina kallon yara sun fi ɗari a zaune kan tabarmi, na ce a'a, aka kai shi bola, ni kuma na sha kunya a gaban iyaye. Gishiri da tsami suna janye ruwan jikin ganye, shi ya sa yake yaushi. Ƙwai da dankali kuma ba sa jure zafi. Ƙa'idar masana ita ce irin wannan abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1, alhali Kaduna a Maris da Afrilu tana wuce haka nesa ba kusa ba. Yanzu ganye daban nake kaiwa, mahaɗi daban a kwalbarsa, sai an zauna ci nake zubawa. Kabeji da karas kaɗai ke jure jira, su har sun fi daɗi in sun yi rabin awa a cikin mahaɗin.

In akwai mai hawan jini a gidan, ki tuna ruwan nan gishiri ne da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da magi da burodi. Sai ki raba ruwan tsimin biyu, ki cike rabin da lemon tsami ko jiƙon tsamiya. Mai gyambon ciki kuma a ba shi na yogot ɗin, kaɗan, in ya ji yana tayar masa ya bari.

Wata za ta ce ko za a iya sake yanka sabon kokwamba a cikin tsohon ruwan? Sau ɗaya dai, kuma a firiji, a cinye cikin kwana biyu, domin kokwamban farko ya riga ya saki ruwansa a ciki ya rage masa ƙarfi. Ni na fi son in jiƙa yankakkiyar albasa a ciki na minti 20, zafinta ya fita, a ci da ƙosai ko wake da shinkafa. Abin da ya yi saura kuma ina jiƙa kaza da shi awa 2 kafin suya.

A wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake busar da tumatir da tattasai ba tare da sun yi baƙi ba. A ci daɗi lafiya.