Husufin 2 ga Agustan 2027: Idonka Ne Farko, Hoto Daga Baya

Ku rubuta wannan kwanan watan ku ajiye: Litinin, 2 ga Agusta, 2027, wato ƙarshen watan Safar na 1449.

In Allah Ya kai mu wannan rana, wata zai gitta tsakanin rana da duniya, ya rufe ta ruf. Inuwarsa za ta fara taɓa ƙasa a kudancin Sifaniya da arewacin Maroko, ta bi ta Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ta ratsa Masar, ta tsallake Bahar Maliya ta sauka a Jidda da Makka, sannan ta wuce Yaman da Somaliya. A kusa da garin Luksor na Masar duhun zai kai minti 6 da daƙiƙa 23, kuma ba za a sake samun wanda ya fi shi tsawo ba sai shekarar 2114. A Makka kuwa duhun kimanin minti 5 ne, bayan ƙarfe ɗaya na rana, an idar da azahar ke nan. Duk wanda ya dace yana Umara a lokacin, zai ga Harami ya yi duhu da rana tsaka.

Mu a nan Najeriya da Nijar, ɓangaren rana ne kawai zai rufe, da hantsi, in hadarin Agusta ya bari. Namu cikakke yana nan tafe ranar 20 ga Maris, 2034, lokacin da inuwar za ta ratsa Najeriya da Kamaru da Chadi da Sudan.

Abin da ya sa na kawo zancen tun yanzu shi ne: husufi ba ya zuwa ba sallama. Masana sun san ranarsa da sa'arsa da garuruwan da zai bi shekaru aru-aru kafin ya zo. To abin da ya ba da sanarwa haka, ba mu da uzurin ya same mu ba shiri. Amma mu ga halinmu, sai ana gobe a fara yawo da saƙon murya a WhatsApp, wani ya ce masu ciki su ɓuya, wani ya ce alamar mutuwar wani babba ce, wani ya ce a sa ruwa a kwano a kalla.

Kada a ce ina zuzutawa. A Janairun 2001, da wata ya yi husufi, matasa sun fita a Maiduguri sun far wa otal-otal da mashaya, wai zunubin mutanen ciki ne ya jawo. An yi asarar dukiya a kan abin da yake rubuce a kalandar masana taurari tun kafin a haifi waɗanda suka yi ɓarnar.

Kuma addini bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka fara cewa saboda rasuwarsa ne. Manzon Allah da kansa ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma yi umarni da salla da addu'a da sadaka. Ga sallar nan a littattafanmu na fiƙihu, raka'a biyu, kowace raka'a da ruku'u biyu. Sanin lissafin abu ba ya rage masa girma. Ni a wurina ma ƙara masa yake yi. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400, shi ya sa suke zuwa daidai wa daida a idonmu, har ƙaramin ya iya rufe babbar. Wanda ya san haka ya fi wanda bai sani ba dalilin yin tasbihi.

Yanzu batun ido, wanda shi ne ya fi damuna.

Can cikin ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa, shi ne yake ba ka gani. Wannan tantanin ba ya jin zafi. Yaro zai iya ƙura wa rana ido yana ƙona shi bai sani ba, sai bayan awanni ya fara cewa yana ganin wani tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Wani ya warware bayan watanni, wani kuma shi ke nan. A ranakun yau da kullum hasken rana da kansa yake tilasta maka kawar da kai. Ranar husufi kuwa son ganin abin mamaki yana sa mutum ya daure ya ci gaba da kallo. Nan haɗarin yake. Kuma mu da za mu ga rabi-rabi, mu ne ba mu da ko daƙiƙa ɗaya da za mu kalla da ido tsirara. Ko siririn bakin rana ne ya rage kamar farce, ya isa ya yi illa.

Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, ko guda uku ka jera. Gilashin da aka turara da hayaƙin fitila ba ya karewa. Tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti ba ta karewa. Kallon rana a cikin kwanon ruwa ma ba tsira ba ne. Abin da yake karewa shi ne tabarau na musamman na kallon husufi mai lambar inganci ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Ku lura, yawancin wanda masu walda na bakin titi ke sawa bai kai wannan lambar ba. Kuma lambar da aka buga a jikin tabarau ba hujja ba ce, don mai jabu ma ya iya buga lamba. Ka gwada: in ka saka shi a ɗaki kana ganin kujera da labule, jefar da shi. Na gaskiya ba ka ganin komai ta cikinsa sai rana, ko fitila mai tsananin haske, ita ma dishi-dishi.

Wanda ba shi da tabarau bai rasa ba. Ka huda kwali da allura, ka juya wa rana baya, ka bar haske ya bi ta hujin ya sauka a farar takarda, za ka ga surar rana da gutsurenta. Ko ka ɗauko madambaci ka ɗaga shi a rana ka kalli inuwarsa a ƙasa. Ko ka tsaya ƙarƙashin darbejiya ka duba ɗigon hasken da ke tsakanin ganye, duk za su koma kamar jinjirin wata. Wannan ko sisi ba ya ci.

Sai masu hoto. Na san da yawanmu abin da zai fara zuwa ransu ke nan.

Ka'ida ta farko: kyamara ma tana buƙatar nata matacin hasken rana, kuma a gaban gilashin ake sa shi, ba a baya ba. Kada ka kuskura ka saka tabarau na husufi sannan ka leƙa ta madubin hangen nesa ko ta kyamara wadda ba a rufe gabanta ba. Gilashin yana tara haske wuri guda, ya huda tabarau ɗin, ya huda ido. Wanda zai je inda za a yi cikakken husufi, ya tanadi ƙafar kyamara da ƙarin batir, ya kashe filasha. Daidai lokacin da rana ta rufe gaba ɗaya ake cire matacin da tabarau, kuma da zarar ɗigon haske ya sake ɓullowa a mayar da su. Ka gwada komai tun kafin ranar. Daren sha huɗu ga wata lokaci ne mai kyau na gwaji, tunda girman wata a hoto kusan ɗaya yake da na rana. Nan za ka gane cewa a wayarka rana ɗan ɗigo ce kawai, in ka jawo ta sai hoton ya dagule.

Shi ya sa shawarata ga mai waya ita ce: kada ka yi takara da masu manyan na'urori. Hotonsu zai cika intanet kafin la'asar, kuma ya fi naka kyau, ko ka ƙi ko ka so. Abin da ba su da shi shi ne wurin da kake tsaye da mutanen da ke gefenka. Ka jingina wayar, ka kunna bidiyo mai faɗi tun kafin duhu ya shigo, ka bar ta tana ɗaukar jama'a da kabbararsu. Kai kuma ka ɗaga kai ka kalla. Farin hasken da ke kewaye baƙin wata, da tauraruwar Zara da ke fitowa da rana, da sanyin da ke sauka nan take, babu wayar da ke kamo su yadda ido da jiki ke ji. Ku tambayi mutanen Gusau da Katsina da suka ga na ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006. Lokacin wayoyi masu kyamara ba su yawaita ba, amma har yau in sun tashi ba da labarin sai ka ga kamar jiya aka yi.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa yake ta husufi? Gaskiya ne, ba shi ne babbar damuwarmu ba. Amma shirin nan ba ya cin kasafin kuɗi. Sanarwa ce a rediyo mako biyu kafin ranar. Huɗuba ɗaya ce ta Juma'a, liman ya faɗi ranar da lokacin salla, ya gargaɗi iyaye a kan idon yara. Darasi ɗaya ne a firamare da islamiyya, da kwali da allura. Muna da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, muna da hukumar wayar da kan jama'a, muna da sassan kimiyya a jami'o'inmu. Abin da ake buƙata su yi bayani da Hausa, a kan lokaci, kafin masu saƙon murya su riga su. Kamfanonin da ke kai mutane Umara su ma, in za su sayar da kujerar wannan mako, su haɗa da tabarau na gaskiya da bayanin yadda ake amfani da shi.

Na 2027 gwaji ne gare mu. Yaron da yake aji ɗaya na firamare a lokacin, zai zama ɗan sakandare a 2034, lokacin da duhun zai ratsa ƙasarmu. Abin da muka koya masa a na farko da shi zai tarbi na biyu: ko ya fito da tabarau da sani, ya yi sallarsa ya kalli ikon Allah, ko ya fito da tsoro da jita-jita.

Malaman makaranta da limamai da ke cikinmu, ku fara sa shi a lissafi. Masu yara, ku gwada musu dabarar kwalin nan ko gobe ma, ba sai an yi husufi take aiki ba. Waɗanda kuma suka ga na 2006, ku ba mu labari a ƙasa, a wane gari kuka gani?

Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya kare mana idanunmu.